Marigayi Elvis Presley, Mawaƙin Da Silima Ta Ɗaure

An haifi Elvis Presley ran 8 ga Janairu, 1935, a garin Tupelo na Jihar Mississippi ta Amurka, a gidan talakawa. Tagwaye ne, amma ɗan'uwansa bai zo da rai ba. A Memphis ya yi tuƙin babbar mota, kafin kamfanin Sun ya buga faifansa na farko cikin 1954. Ya gauraya kiɗan baƙaƙen fata da na Turawan karkara, samari suka yi caa a kansa, dattawa kuwa suka ce rawarsa rashin kunya ce.

Babban burinsa shi ne ya zama gwanin wasan kwaikwayo. Ya fara da fim ɗin Love Me Tender a 1956, sai Jailhouse Rock a 1957. A King Creole na 1958 ya nuna lalle da abin a jikinsa, sai aikin soja ya kai shi Jamus.

Da ya komo a 1960, manajansa Kanar Tom Parker ya ɗora shi kan finafinai masu labari kusan iri ɗaya: kyakkyawan saurayi, 'yammata, bakin teku, da waƙoƙin da ba su kai darajar muryarsa ba. Kuɗi kam sun shigo, amma shi kansa abin ya gundure shi. Finafinai 31 ya yi, na ƙarshe a 1969, sannan ya koma dandali.

Yawan shan magunguna ya raunana shi. Ya rasu ran 16 ga Agusta, 1977, a gidansa Graceland, yana da shekara 42.