Steve Jobs: Mutumin da ya sauya kasuwar waƙoƙi

An haifi Steve Jobs ne ranar 24 ga watan Fabrairun 1955 a birnin San Francisco na Amurka. Mahaifinsa ɗan asalin ƙasar Siriya ne, amma Paul da Clara Jobs ne suka ɗauke shi riƙo tun yana jariri.

Bai kammala karatun jami'a ba. A 1976 ya kafa kamfanin kwamfuta na Apple tare da abokinsa Steve Wozniak.

Rikicin shugabanci ya raba shi da kamfanin a 1985, kuma sai a 1997 ya sake karɓar ragamarsa, a lokacin da kamfanin ke dab da durƙushewa.

Zamanin Napster

Shekaru biyu bayan komawarsa, manhajar Napster ta bayyana, inda miliyoyin mutane suka riƙa musayar waƙoƙi kyauta ta intanet.

Kamfanonin waƙoƙi sun garzaya kotu, aka kuma rufe Napster a 2001, amma satar fasaha ba ta tsaya ba, cinikin faifan CD kuma ya ci gaba da faɗuwa.

A shekarar ce Mista Jobs ya fito da na'urar iPod mai ɗaukar waƙoƙi 1,000.

Ra'ayinsa shi ne jama'a za su biya kuɗi matuƙar sayen waƙa ya fi satarta sauƙi.

Da wannan hujja ya shawo kan manyan kamfanonin waƙoƙi biyar, aka buɗe shagon iTunes a watan Afrilun 2003 da waƙoƙi 200,000, kowacce a kan senti 99.

Cikin mako guda aka sayar da waƙoƙi miliyan ɗaya. A 2008 shagon ya zarce Walmart, ya zama kan gaba wajen sayar da waƙoƙi a Amurka.

Riba da asara

Sai dai tsarin ya bai wa mai saye damar ɗaukar waƙa ɗaya ya bar sauran kundin, alhali sayar da cikakken kundi ne ginshiƙin ribar kamfanonin.

Kuɗin shigar masana'antar a Amurka, wanda ya haura dala biliyan 14 a 1999, ya ragu da kimanin rabi cikin shekaru goma, yayin da shagunan faifai irin su Tower Records suka rufe.

Mista Jobs ya yi imanin cewa mutane sun fi son mallakar waƙa a kan biyan kuɗin saurare duk wata. A nan hasashensa bai yi daidai ba, domin Spotify da makamantansa sun ƙwace kasuwar, har Apple ma ya bi sahu a 2015.

Ya rasu ranar 5 ga watan Oktoban 2011 yana da shekaru 56, bayan doguwar jinyar cutar daji. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu.