Dakta Barau Dikko, Likitan Farko na Arewa (1912–1977)

An haifi Russel Aliyu Barau Dikko a ƙasar Zazzau a shekarar 1912, a zamanin da Arewacin Nijeriya kakaf ba shi da ɗan ƙasa ko ɗaya mai ilimin likitancin zamani. Ya tashi a hannun mishan ɗin CMS ƙarƙashin Dakta Walter Miller, wanda shi kansa likita ne, kuma jigo a aikin fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa. Daga nan ya zarce Kwalejin King's ta Legas, sannan Jami'ar Birmingham ta Ingila, inda ya sami digirin likitanci.

Ya kama aikin gwamnati a 1940, amma bai tsaya a ɗakin duba marasa lafiya kaɗai ba. Yana cikin 'yan bokon da suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, tare da irin su Malam Abubakar Imam, kuma shi aka zaɓa shugabanta na farko a taron Kaduna na 1949. Da ƙungiyar ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa a 1951, sai doka ta tilasta wa ma'aikatan gwamnati zaɓen ɗaya daga cikin biyu. Dikko ya ajiye shugabanci, ya riƙe aikinsa. Jam'iyyar ba ta rasa masu jan ragamarta ba. Likita ɗan ƙasa kuwa, a wancan lokaci, ba a samun madadinsa cikin sauƙi. Sai a 1967, ana tsaka da rikicin ƙasa, ya karɓi kiran Janar Yakubu Gowon ya zama kwamishinan tarayya mai kula da ma'adinai da lantarki.

A wannan shekarar ce aka buɗe tsangayar likitanci a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya zamana ɗan Arewa na iya zama likita ba tare da ya bar yankinsa ba. Dikko ya rasu a 1977.

A yau asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Kaduna yana ɗauke da sunansa. Ɗalibin likitancin da ke koyon danna ƙirji da hura numfashi don ceto wanda zuciyarsa ta tsaya, dabarar da ba ta kankama ba sai a 1960, yana gina iliminsa ne bisa harsashin da Dikko ya aza.