Malam Abdullahi Na Gwandu: Malamin Da Ya Tsara Mulki Yana Gudunsa

Duk wanda ya zauna aji huɗu da aji biyar tare da mu zai tuna yadda muka sha haddar ire-iren mulki a darasin Gwamnati: mulkin sarauta, mulkin dimokuraɗiyya, mulkin soja, ga kuma jari-hujja da gurguzu. Misalan kuwa duk daga Ingila da Faransa da Amurka ake ɗauko mana su. Malamanmu ba su yi laifi ba, jarrabawa ce ta so haka. Amma fa daga Birnin Malam zuwa Gwandu ba wata tafiya ba ce, kuma a can ne kabarin mutumin da ya zauna ya rubuta yadda ake zaɓen shugaba, da abin da ya halatta ya karɓa daga talakawa, da lokacin da shugabanci ke rikiɗewa ya zama zalunci. Wannan shi ne Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansa.

An haife shi wajen shekarar 1766 cikin Toronkawa, a ƙasar Gobir. Ƙane ne ga Shehu Usmanu, wanda ya girme shi da kimanin shekara goma sha biyu. Ya yi karatun Alƙur'ani wurin mahaifinsu, yana ɗan shekara goma sha uku aka danƙa shi hannun wansa. Daga nan ba su rabu ba. Ya yi karatu wurin malamai da dama, har da Malam Jibrilu ɗan Umaru, ya kuma jera sunayensu da littattafan da ya karanta a cikin Ida'un Nusukhi. Ya yi fice a nahawu da lugga da waƙar Larabci. Yana tare da Shehu a shekarun wa'azi a Zamfara, yana nan kuma a Magami wajen 1788, ranar da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a filin Idi, Shehu ya ƙi karɓar dukiya, ya nemi a bar shi ya yi wa'azi a kuma sassauta wa talakawa haraji.

A nan ne labarin ya shigo ƙasarmu. Cikin almajiran Shehu akwai Malam Abdussalami, Ba'are, wanda ya ƙaura da jama'arsa zuwa Gimbana, nan yankin Jega, lokacin da sarakunan Gobir suka fara matsa wa Jama'a. A ƙarshen 1803 Sarkin Gobir Yunfa ya aiko da runduna ta ci Gimbana, aka ɗaure mutane aka bi da su ta kusa da Degel. Mutanen Shehu suka tare su suka kwance 'yan'uwansu. Abin da ya biyo baya kowa ya sani: hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, sa'annan yaƙi.

Malamin nahawu sai ga shi ya zama sarkin yaƙi. Shi ya jagoranci rundunar da ta karya Yunfa a Tabkin Kwatto a watan Yuni na 1804, shi ne kuma ya ci Birnin Kebbi a 1805, abin da ya ba Jama'a damar zama a Gwandu. Ba nasara kaɗai ya gani ba. Ya ga Tsuntsuwa, inda aka rasa malamai da mahaddata masu yawa, ya ga Alwasa. Waɗanda suka san dalilin yaƙin suna ta ƙarewa a fagen fama, waɗanda suka cike gurbinsu kuwa da yawa ganima ce ta kawo su.

Wannan shi ya dame shi ƙwarai. A 1807, ana kan hanyar zuwa yaƙin Alkalawa, ya sulale da dare da 'yan mutane kaɗan, ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Ya bayyana dalilinsa a Tazyinul Waraƙati: ya ga mutane sun koma neman sarauta da ƙwaraƙwarai da dawaki da manyan riguna, alƙalai na karɓar toshi, an bar masallatai da makarantu. Sai ku duba, a daidai lokacin da nasara ta kusa, lokacin da wani zai fara lissafin rabonsa, shi tafiyarsa ya yi.

Bai wuce Kano ba. Mutanen Kano, a zamanin Sarki Sulaimanu, suka riƙe shi, suka roƙe shi ya rubuta musu abin da za su bi wajen tafiyar da mulki. Ya karantar da su tafsiri, ya kuma rubuta Liya'ul Hukkami, kafin ya haƙura ya koma gida. Alkalawa ta faɗi a 1808.

Ya kamata mu ɗan tsaya kan abin da ya rubuta, don nan ne darasinmu na Gwamnati yake. A wurin Malam Abdullahi, shugabanci amana ce da masu ilimi da masu faɗa a ji suke ɗora wa wanda ya cancanta, bayan shawara. In kuwa aka ƙwace shi da ƙarfi, ko ɗa ya gaje shi don kawai ubansa ya yi, to ya zama mulukiyya irin wadda aka yi yaƙi don a kawar. Shugaba ba zai iya shi kaɗai ba, dole ya naɗa waziri mai gaskiya, da alƙalai, da masu tara dukiyar baitulmali, da mai duba kasuwa don hana tauye mudu da algus, kuma wajibi ne ya riƙa bincikar su, ya bar ƙofarsa a buɗe ga mai kuka. Kuɗin da ke shiga baitulmali suna da hanyoyi sanannu, kamar zakka da humusi da harajin ƙasa da gādon da ba shi da magaji, abin da ya fita daga nan ƙwace ne. Ya rubuta wani littafi daban, Ta'alimur Radi, kan yadda ake mallakar ƙasar da ba kowa a kanta da hurumin da ake keɓewa don amfanin jama'a. Manomi da makiyayi na yau sun san wannan magana ba ta tsufa ba. Bai ce shi ya ƙirƙiro waɗannan ƙa'idoji ba. Daga fiƙihun Malikiyya ya tsamo su, da rubutun Shehu Magili wanda ya yi wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha tun ƙarni na 15.

Abin sha'awa, a waɗannan shekaru duniya ma tambayar da take yi ke nan. Faransawa sun yi juyin juya hali a 1789, sun kashe sarkinsu a 1793, amma a shekarar da aka yi hijira zuwa Gudu, wato 1804, Napoliyon ya aza wa kansa kambin sarauta. Malam Abdullahi tsoron irin wannan yake yi a nan gida, kada a kori Yunfa a sāke wani Yunfa da rawani.

Taurin nan nasa ya sa ya saɓa har da Shehu. Shi yana ganin a yi watsi da sunayen sarautun gargajiya da tambura da tufafin alfarma, Shehu kuma yana ganin akwai sauƙi a wasu daga cikinsu. Da alƙalami suka yi wannan muhawara, littafi yana amsa littafi, ba wanda ya zare takobi. A ganina wannan ya fi yawancin yaƙoƙin cancantar a koya wa yara.

A 1812 Shehu ya raba aikin tafiyar da daula biyu: gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, yamma ga Abdullahi, wanda ya zauna Boɗinga. A nan ya samu sukunin rubutu, har ya kammala babban tafsirinsa, Liya'ut Ta'awili, wajen 1816.

Shehu ya rasu a watan Afrilu na 1817. Kafin Malam Abdullahi ya iso Sakkwato an riga an yi wa Bello mubaya'a, ya tarar an rufe ƙofofin gari. Ya juya, ya koma Gwandu. Mutumin da ya yi rubutu kan haɗarin gādo, ga shi ɗa ya gaji uba a gabansa. Gaskiya ne Bello malami ne kuma jarumi, ba don haihuwa kaɗai aka zaɓe shi ba, amma abin ya yi wa baffan zafi, kuma sun yi 'yan shekaru ba sa ga maciji. Duk da haka bai tara runduna ya nemi kujerar ba, alhali yana da mutane.

A wannan tsakani Abdussalami, wanda ya daɗe yana ganin an tauye masa rabo, ya yi tawaye a Kware. Bello ya ci garin, Abdussalami ya rasu da rauni a farkon 1818. Sauran mutanensa suka taru a Kalambaina ta kusa da Gwandu, suka gagari Malam Abdullahi. Wajen 1820 Bello ya zo da kansa ya taimaka aka ci garin. Masu ba da labari sun ce da suka haɗu Bello ya yi niyyar sauka daga doki don girmama baffansa, shi kuwa ya hana shi, ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Daga ranar daula ta tsaya da ƙafa biyu, Sakkwato da Gwandu, kuma ɓangaren Gwandu ya kai har Nufe da Ilori a kudu, da Sayi da Liptako a yamma, ƙasashen da yau suke cikin Nijar da Burkina Faso.

Buhari ɗan Abdussalami daga baya ya yi sulhu da Gwandu, ya kafa Jega, kuma zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar Sarkin Kabin Jega. Kasuwar garin ta bunƙasa har ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular.

Shi kuwa Malam Abdullahi, bayan Kalambaina ya sakar wa ɗansa Muhammadu da ɗan wansa Buhari ɗan Shehu yawancin harkokin mulki, ya koma ga karantarwa da rubutu. Ya rasu a Gwandu wajen 1829. Sarautar Gwandu ta zauna a gidansa, 'ya'ya da jikoki suna gadonta har yau, abin da mai karanta Liya'ul Hukkami ba zai rasa yin murmushi a kai ba. A zamanin ɗansa Halilu ne Baturen Jamus Heinrich Barth ya sauka Gwandu a 1853, ya samu kwafin Tarihus Sudan a hannun malaman garin. Yau babban ɗakin karatu na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato sunansa yake ɗauke da shi, haka ma jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, inda 'ya'yan wasunmu suke karatu.