Tarihin Marigayi Malam Aminu Kano: Malamin Makarantar Da Ya Haɗa Kan Malaman Arewa

A ci gaba da kawo wa jama'armu tarihin magabata, a wannan karo mun waiwayi rayuwar marigayi Malam Aminu Kano. Akasarin mutane sun san shi a matsayin jagoran talakawa a fagen siyasa, amma kafin ya hau dandalin siyasa malamin makaranta ne mai karɓar albashi, kuma shi ne ya kafa ƙungiyar malamai ta farko da ta game Jihar Arewa baki ɗaya. Wannan ɓangare na rayuwarsa ya shafi ma'aikatanmu na ƙananan hukumomi, da shugabanninsu, da iyayen yara a karkara, domin duk lokacin da rigimar albashi ta taso, su ne abin yake fara taɓawa.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Malam Aminu ranar 9 ga watan Agusta, 1920, a unguwar Sudawa cikin birnin Kano. Mahaifinsa, Malam Yusufu, malami ne masanin shari'a. Bayan karatun allo, ya shiga makarantar elementare ta Shahuci, sannan Midil ta Kano, inda ya jagoranci 'yan'uwansa ɗalibai suka ƙaurace wa aji saboda ƙarancin sabulu da rashin kyawun abinci. A 1937 ya wuce Kwalejin Kaduna, wadda aka mayar da ita Zariya a 1949, ita ce kuma Kwalejin Barewa ta yau. Ya kammala a 1942, aka tura shi koyarwa a Midil ta Bauci.

A Bauci ya haɗu da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da kuma Malam Sa'adu Zungur, wanda ya taɓa koyarwa a makarantar haɗa magunguna ta Zariya. Tare suka riƙa shirya taron mahawara, inda ake tattauna yadda En'e ke tafiyar da mulki da kuɗin jama'a.

Halin Ma'aikata a Wancan Zamani

Yaƙin Duniya na Biyu ya jawo tsadar kayan masarufi, albashi kuwa bai motsa yadda ya kamata ba. A watan Yuni na 1945 ma'aikatan gwamnati suka shiga yajin aikin gama-gari na farko a Nijeriya, wanda ya ɗauki fiye da kwana 40, suna neman ƙarin kuɗin tsadar rayuwa. Ma'aikatan jirgin ƙasa, a ƙarƙashin Michael Imoudu, su ne ƙashin bayan wannan yaji, Zariya kuwa tana cikin manyan mahaɗar layin dogo a Arewa. Daga baya gwamnatin mulkin mallaka ta kafa kwamitin bincike na Tudor Davies, wanda ya goyi bayan a yi ƙarin.

Malaman makarantun Arewa ba su da irin wannan murya. Mafi yawansu ma'aikatan En'e ne, warwatse a larduna, kuma wanda ya yi ƙorafi shi kaɗai yana iya rasa aikinsa. Ƙungiyar malamai ta ƙasa, wato NUT, wadda aka kafa a 1931, ƙarfinta a Kudu yake.

Kafa Ƙungiyar Malaman Arewa

A 1946 Malam Aminu ya sami zuwa Ingila ƙaro ilimin koyarwa a Jami'ar Landan. Ya tarar jam'iyyar Leba, wadda ƙungiyoyin ƙwadago suka haifa, ita ke mulki, ya kuma yi cuɗanya da 'ya'yanta. Tun yana can ya fara tsara yadda malaman Arewa za su haɗa kai, da ya dawo gida kuma Ƙungiyar Malaman Arewa ta tsaya da ƙafarta a 1948, shi ne babban sakatarenta. Abubuwan da ta sa a gaba sun haɗa da jin daɗin malamai, da bambancin albashi tsakanin Arewa da Kudu, da kuma gyaran manhajar karatu.

Abin lura a nan shi ne ƙungiyar ta haɗa hakkin malami da hakkin ɗalibi a cikin buƙatunta, ta kuma tara mutane masu ra'ayi daban-daban a inuwa guda. Ta rayu bayan ya bar ta, har zuwa 1972 da ta haɗe da NUT suka zama ƙungiya ɗaya.

Shigarsa Siyasa

An mayar da shi Kwalejin Horon Malamai ta Maru, wadda take cikin Jihar Zamfara a yau. A ƙarshen 1950 ya ajiye aiki ya shiga jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta na wannan shekara, ya zama shugabanta a 1953. A Zariya NEPU ta sami jarumai irin su Hajiya Gambo Sawaba, wadda ta sha ɗauri saboda aƙidar jam'iyyar. An zaɓe shi ɗan Majalisar Tarayya a 1959, ya kuma riƙe muƙamin kwamishinan tarayya na sadarwa, sannan na lafiya, a gwamnatin Janar Yakubu Gowon daga 1967 zuwa 1974.

A 1978 ya jagoranci kafa PRP, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1979. Jam'iyyar ta ci kujerar gwamna a Kano da Kaduna, inda Alhaji Abubakar Rimi da Alhaji Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Gwamnatin Kano ce kuma ta ba da hutun Ranar Ma'aikata, 1 ga Mayu, a 1980, kafin ya zama na ƙasa baki ɗaya a 1981.

Allah ya yi masa rasuwa ranar 17 ga Afrilu, 1983. An binne shi a gidansa na Gwammaja, wanda ake kira Mambayya, ya kuma bar duniya ba tare da ya tara dukiya ba.

Darasi Gare Mu

Darasi na farko shi ne tsari yana gaba da fushi. Malam Aminu ya fara ne da haɗa kan malamai da tantance buƙatunsu, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dokokinmu na yau ma haka suka tanada. Dokar sasanta rikicin ƙwadago ta 1976 ta shimfiɗa matakan sulhu da sasantawa har zuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, gyaran dokar ƙungiyoyin ƙwadago na 2005 kuma ya wajabta a kaɗa ƙuri'a, mafi rinjayen 'yan ƙungiya su amince, kafin a tafi yajin aiki. Haka nan doka ta ce ma'aikaci ba shi da hakkin albashin kwanakin da ya yi yana yaji. Saboda haka wajibi ne shugabannin ƙwadago su bayyana wa mabiyansu, har na ƙauyuka masu nisa, abin da ake nema da abin da za a iya rasawa, su kuma ba hukuma sanarwa a rubuce.

Darasi na biyu na shugabannin ƙananan hukumomi ne da sakatarorin ilimi. Ma'aikacin da ya kawo kukansa ta hannun ƙungiyarsa ya bi hanyar da ta dace, don haka ya cancanci a saurare shi da wuri, a nuna masa alƙaluman kuɗin shiga da na fita, a kuma cika alkawarin da aka sa wa hannu. Idan aka yi sakaci har makaranta ko ɗakin shan magani ya rufe, ɗan manomi da mai juna biyu a karkara su ne za su ɗanɗana kuɗarsu.

Muna roƙon Allah ya jiƙan Malam Aminu Kano, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya kuma ba shugabanninmu da ma'aikatanmu ikon riƙe amanar jama'a. Amin.