G. P. Bargery da Shekarun da Ƙamus ya Ci

Da wuya a sami ɗalibin Hausa wanda bai taɓa ɗaga Ƙamus na Bargery ya ji nauyinsa ba. Amma kaɗan ne suke tsayawa su yi tunanin yawan kwanakin da aka binne a cikin shafuffukansa fiye da 1,200, balle irin mutumin da ya jure zama a kansu.

An haifi George Percy Bargery a birnin Exeter na ƙasar Ingila a shekarar 1876. Ya iso ƙasar Hausa a 1900 a matsayin ɗan mishan na ƙungiyar C.M.S. Aikin da ya kawo shi bai sami karɓuwa irin wadda suka yi zato ba, domin sun tarar da jama'a riƙe da addininsu da iliminsu. Abin da ya samu a wannan zama shi ne harshe. A 1910 rashin lafiya ya tilasta masa komawa gida. Wani da nan ne zai rufe babin Afirka, amma bayan shekara biyu sai ga shi ya dawo, wannan karon a ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi, aka tura shi ƙasar Tibi ya buɗe makarantar gwamnati.

A 1921 ne Gwamna Hugh Clifford ya ɗora masa aikin tsara ƙamus na Hausa. A lokacin ya riga ya haura shekara 40. Ba shi ne farau ba: Schön ya buga nasa a 1876, Robinson a 1899, Mischlich kuma ya fito da na Jamusanci a 1906. Sai dai waɗannan duk ba su kama karin sauti ba, wanda shi ne ke raba kalmomi da yawa masu rubutu iri ɗaya, kamar yadda kuka na hawaye ya bambanta da kuka ta miya.

A nan ne ya kamata a dakata a duba yanayin aikin kansa. Farkon tattara kalmomi abu ne mai daɗi. Duk kasuwar da mutum ya shiga, duk maƙera ko marina ko masaƙa, sai ya fito da sabon abu. Wannan daɗi ba ya daɗewa. Idan kalmomin yau da kullum suka ƙare, sai a shiga aikin da babu mai yaba shi: a koma kan kalmar da aka rubuta bara a tambayi jinsinta, a nemi jam'inta, wanda a Hausa kan zo iri biyu ko uku, a saurari wasalinta ko dogo ne ko gajere, a ji ko Basakkwace zai faɗe ta yadda Bakano ya faɗa. Marubucin labari yana da taurarinsa da za su ja shi gaba in zuciyarsa ta yi sanyi. Mai ƙamus ba shi da kowa sai jerin haruffa, kuma harafin S ba ya gajarta don mai aikin ya gaji. Shekara 13 Bargery ya yi cikin wannan hali.

Littafin da kansa shi ne shaidar yadda aka yi shi. Mai karatu zai ga kalma an yi mata alamar Katsina, wata Sakkwato, wata Gobir ko Daura ko Haɗeja, abin da ba ya samuwa sai da yawo da yawan tambaya. Zai ga karin magana da kirari da sunayen itatuwa da tsuntsaye da kayan sana'a. Wanda ya buɗe kalmar ƙato zai tarar da jerin kalmomi fiye da ɗari masu nuna girman jiki, kowace an bi ta an ajiye a gurbinta. Ɗoki ba ya yin irin wannan. Aikin mai komawa tebur kullum safiya ne. Kuma adalci ne a tuna cewa ba kunnensa kaɗai ya yi aikin ba. Malamai da masu sana'a Hausawa ne suka zauna suna maimaita masa kalma har ta zauna, R. C. Abraham kuma ya taimaka masa na ɗan lokaci kafin daga baya ya fitar da nasa ƙamus a 1949.

Ya yi ritaya daga aikin gwamnati a 1930 ƙamus bai fito ba. Bai miƙa wa wani ragowar ba. Ya koma Landan ya ci gaba da gyara da duba shafuffukan maɗaba'a, har Jami'ar Oxford ta buga littafin a 1934, ɗauke da kalmomi fiye da 39,000 da gabatarwar Farfesa Westermann. Manazarta na baya sun gyara masa wasu abubuwa game da karin sauti da tsawon wasali, kuma haka ya kamata. Amma wajen yalwar kalmomi, musamman tsofaffin da suka fara ɓacewa daga bakin mutane, har yanzu gare shi ake komawa.

Daga 1935 zuwa 1947 ya koyar da Hausa a Makarantar Nazarin Ƙasashen Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan, wadda ta ba shi digirin D.Litt a 1937. A 1953, yana gab da cika shekara 77, ya sake ɗaura kaya ya dawo Kano domin jagorantar sabon fassarar Sabon Alkawari zuwa Hausa. Ya zauna kan wannan aiki har 1957, ganinsa na raguwa, ya koma Ingila ya kusa makancewa.

Ya rasu a 1966 yana da shekara 89. A 1993 Maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta sake buga ƙamus ɗin tare da ƙarin kalmomi da Neil Skinner ya tattara, daga baya kuma aka sa shi a intanet.