Tarihin Imam Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, Malamin da Ya Rubuta Risala Domin Yara

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan'uwa Musulmi, babban hutun makarantun boko ya kawo jiki, kuma iyaye da dama suna tambayar abin da za su karantar da 'ya'yansu a gida kafin a koma. Wannan ya sa na ga ya dace mu waiwayi tarihin malamin da aka taɓa yi wa irin wannan tambaya fiye da shekara 1,000 da suka wuce, kuma har yau muna cin gajiyar amsarsa.

Shi ne Abu Muhammad Abdullahi ɗan Abu Zaidin Abdurrahman. An haife shi a shekara ta 310 bayan Hijira, daidai da 922 Miladiyya, a Ƙairawan, cikin ƙasar Tunisiya ta yau. Birnin nan Uƙubatu ɗan Nafi'u ne ya kafa shi a shekara ta 50 bayan Hijira, kuma a nan Imam Sahnun, mai Mudawwana, ya shimfiɗa mazhabar Imam Malik har ta yi jijiya.

Sai dai Ibn Abi Zaidin ya taso ne a lokacin tsanani. Kimanin shekara 13 kafin haihuwarsa, Ubaidiyawa, waɗanda ake kira Faɗimiyawa, sun karɓe mulkin ƙasar, suka takura wa malaman Malikiyya. Babban malaminsa, Abubakar ɗan Labbad, an ɗaure shi, sannan aka hana shi karantarwa da ba da fatawa. Masu tarihi sun ambaci cewa Ibn Abi Zaidin da abokinsa Ibnut Tabban sukan je wurinsa a ɓoye, littattafai ɗaure a ƙugu ƙarƙashin riga, har gumi ya jiƙa takardun. A shekara ta 333 kuma aka kashe wani malaminsa, Abul Fadli Almumsi, a yaƙin da malaman Ƙairawan suka shiga domin kawar da wannan mulki. Duk wanda ya yi karatu cikin irin wannan hali ya san cewa ana iya rufe zauren malami dare ɗaya, amma abin da ya zauna a zuciyar yaro babu sarkin da zai iya ƙwace shi.

Allah Ya buɗa masa ilimi har aka yi masa laƙabi da Malik Ƙarami. Ya yi aikin Hajji, ya sami ijaza daga malaman Masar da Bagadaza. Ya taƙaita Mudawwana, ya kuma wallafa Annawadiru Wazziyadat, wanda a bugun zamani ya kai mujalladi 15. Cikin almajiransa akwai Albaradi'i mai Tahzibi, da Makkiyu ɗan Abu Ɗalib, masanin ƙira'o'in Alƙur'ani.

Amma littafin da ya fi yaɗa sunansa shi ne mafi ƙanƙanta, wato Risala. An ce ya fara rubuta ta yana ɗan shekara 17. Masu sharhi da yawa kuma sun ambaci cewa wanda ya roƙe shi wannan aiki shi ne Muhrizu ɗan Khalaf, malamin yara a birnin Tunis, wanda ke son taƙaitaccen littafi da zai riƙa biya wa yara kamar yadda yake biya musu haruffan Alƙur'ani. Babban mufti bai ga wannan roƙo ya yi masa kaɗan ba. A gabatarwar littafin ya bayyana dalilinsa: zuciyar da sharri bai riga ya shiga ba ta fi saurin karɓar alheri, kuma abin da aka koya da ƙuruciya shi ke daɗewa. Ya kafa hujja da umurnin da aka yi na a sa yara salla tun suna shekara 7, a tsawata musu a kanta idan sun kai 10, a kuma raba musu wurin kwana. Daga nan ya fitar da cewa ya kamata yaro ya san abin da Allah Ya wajabta tun kafin ya balaga, domin balaga ta same shi zuciyarsa ta natsu da addini, gaɓoɓinsa kuma sun saba da aiki.

Ku dubi yadda ya jera darussan. Ya fara da aƙida a cikin 'yan shafuka, ba jayayya ba gardama. Sai tsarki da alwala da salla, abubuwan da yaro zai aikata a ranar da ya koye su. Sai azumi, zakka, Hajji, aure, ciniki da rabon gado. Ya rufe da ladubba: cin abinci, shan ruwa, sallama, neman izinin shiga gida, atishawa, hamma da addu'ar kwanciya barci. Masu sharhi sun ƙiyasta mas'alolinta da kimanin 4,000, amma jimlolinta gajeru ne, masu sauƙin hadda.

Yadda ya girmama karatun yara bai tsaya a takarda ba. An ruwaito cewa da ɗansa ya kammala Fatiha, sai ya aika wa malamin dinari 100. Malamin ya ga kyautar ta fi ƙarfin aikin da ya yi. Jin haka sai Ibn Abi Zaidin ya cire yaron daga wurinsa, domin a ganinsa wanda bai san girman koyar da Fatiha ba bai san darajar abin da ke hannunsa ba. Haka kuma ya kasance mai buɗaɗɗen hannu ga almajirai da malamai, har an ambaci cewa da dinari 400 daga dukiyarsa aka yi wa 'yar Shehu Abul Hasan Alƙabisi kayan ɗaki.

Ya rasu a Ƙairawan a shekara ta 386, daidai da 996 Miladiyya, yana da shekara 76, aka binne shi a gidansa. Daular da ta hana malaminsa karantarwa ta shuɗe tun da daɗewa. Risala kuwa ta ƙetara Sahara, kuma a zaurukan Maraɗi da Damagaram da Kano da Kumasi da Garwa, almajiri yakan kai gare ta bayan Ahalari da Ishmawi da Iziyya, kafin ya shiga Askari da Muhtasar. Abin da ya kamata ya sa mu tunani shi ne, littafin da aka tsara domin yara ya zama a wurinmu sai mai gemu ke buɗe shi.

Ba ina cewa a ɗora wa ɗan shekara 6 Risala da Larabcinta ba. Tsarinta za mu ara. A raba makonnin hutu kamar yadda ya raba babobinsa: a fara da sanin Allah da ManzonSa, a biyo da alwala da salla, uba ya ɗauki buta ya yi a gaban yaron, yaron ya maimaita. Ladubban abinci kuma uwa ta koyar da su a bakin kwano. Zama kaɗan bayan Asuba ko bayan La'asar, kullum ba fashi, ya fi dogon zama sau ɗaya a mako, kuma a bar wa yaro lokacin wasansa. Idan akwai malamin allo da ke taimakawa, a kyautata masa, kada kuɗin Laraba ya zama sai ya aiko an ba shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma idan iyaye ba su cika wa yaro hutunsa ba, wayar hannu da titi za su cika masa.

Allah Ya jiƙan Imam Ibn Abi Zaidin, Ya saka masa da alheri, Ya shirya mana zuriyarmu, Ya sa su zama sanyin idanunmu duniya da lahira. Amin.