Marie Curie, Uwar Da Ta Koyar Da Kimiyya Da Ƙwai Da Gishiri

'Yan'uwana mata, yau filin namu ya kawo muku tarihin Marie Curie, mace ta farko da ta sami lambar girma ta Nobel. An san ta da zurfin ilmin kimiyya, amma ba kowa ya san irin renon da ta yi wa 'ya'yanta ba.

An haife ta a birnin Warso na ƙasar Foland ran 7 ga Nuwamba, 1867, lokacin ƙasar tana hannun Rasha. Ubanta malamin lissafi da kimiyya ne. Da hukuma ta hana gwaje-gwajen kimiyya a makarantu, sai ya kwaso kayan aikin ya kawo gida, ya riƙa nuna wa 'ya'yansa yadda ake amfani da su. Tana da shekara 10 uwarta ta rasu da ciwon tarin fuka. A zamanin nan ba a ɗaukar mata a jami'ar Warso, saboda haka ta yi shekaru tana koyar da 'ya'yan masu hali a gidajensu, tana aika wa yayarta kuɗin karatun likita a birnin Faris na Faransa. Sai a 1891 ita ma ta sami tafiya can.

A 1895 ta auri Pierre Curie. Tare suka gano sinadarin radiyam a 1898, wanda daga baya aka riƙa jiyyar ciwon daji da shi, aka kuwa ba su lambar Nobel a 1903. Ran 19 ga Afrilu, 1906, keken doki ya take mijin a kan titi, ya mutu nan take, ya bar ta da 'yan mata biyu, Irene da Eve. Jami'ar Sorbon ta ba ta gurbinsa, ta zama mace ta farko da ta koyar a can.

To, da Irene ta kai shekara 10, sai uwar ta ga makarantun lokacin suna tsare yara wuni guda a aji, ana ta ɗura musu hadda. Ta shawarci abokan aikinta, suka haɗa 'ya'yansu wajen goma, maza da mata, suka shiga koyar da su da kansu a 1907. Darasi ɗaya tak ake yi a rana. Jean Perrin ya ɗauki ilmin haɗa sinadarai, Paul Langevin lissafi, ita kuwa ran Alhamis da yamma take karɓar yaran.

Ga irin darasinta. Takan ɗauko kwalba wadda kowa ya ce babu kome ciki, a nutsa ta a ruwa, sai ga iska tana fitowa ɓul-ɓul. Yara sun gani da idonsu cewa iska ma abu ce mai cin wuri. Takan jefa ƙwai a ruwa ya nutse, a zuba gishiri a dama, sai ƙwan ya taso, domin ruwan gishiri ya fi ruwan daɗi nauyi. Wata rana ta tambaye su yadda za a hana ruwan zafi a tukunya hucewa. Kowa ya kawo dabararsa mai wuya, ita kuwa ta nuna musu a fara da rufe tukunyar. Ba ta yarda yaro ya bar teburin aiki da ƙazanta ba. Wata yarinya 'yar shekara 13, Isabelle Chavannes, ta rubuta darussan nan a littafinta, aka buga su a 2003.

Shekara biyu makarantar ta yi, aiki ya yi wa iyayen yawa, yaran suka koma makarantu don jarrabawa. Marie ta sake samun Nobel a 1911. Ta rasu ran 4 ga Yuli, 1934, da ciwon jini da ake ganin aikinta ne ya jawo mata. Shekara guda bayan haka Irene da mijinta suka karɓi tasu lambar Nobel.

'Yan'uwa, mu a nan Rido da sauran garuruwanmu, wace ce ba ta da kwalba da gishiri a ɗakinta? Wadda ta iya gwada ƙwan zabi a ƙwaryar ruwa kafin ta biya kuɗi, ai ta riga ta san gwaji. Abin da ya rage shi ne ta kira 'yarta, ta bar ta ta jefa ƙwan da hannunta, ta tambaye ta dalili. Gani ya kori ji. Ku kuma 'yan makaranta, abin da kuka karanta a aji ku gwada shi a tsakar gida, amma ban da wuta da kananzir sai da babba a kusa.

Allah ya raya mana zuriya, ya ba su ilmi mai amfani, amin.